Tambayoyi da Amsoshi Kan Canza Madabod ɗin Saba a Birnin Kebbi da Kewaye

Sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai suna yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, sun yawaita a jihar Kebbi fiye da yadda mutane da dama suke zato. Akwai su a cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, waɗanda suka bunƙasa tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, akwai su kuma a asibitoci da manyan makarantu da ƙananan bankuna da ofisoshin kamfanonin sarrafa shinkafa, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Jega da Yauri da Zuru. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini Dell PowerEdge ne ko HPE ProLiant, kuma galibinsu na hannu ne da aka shigo da su ta Legas. Duk ranar da irin wannan na'ura ta ƙi tashi, kalmar farko da ke fitowa daga bakin mutane ita ce madabod ya ƙone. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda shugabannin ofisoshi da matasan ma'aikatan kwamfuta suka fi yi mini a kan wannan aiki, kuma na amsa su gwargwadon abin da na gani da idona a wurin aiki.

Mene ne madabod, kuma me ya bambanta na saba da na kwamfutar tebur?

Madabod shi ne babban allon da ke shimfiɗe a ƙasan akwatin na'ura, wanda furosesa da ram da katunan netwok da wayoyin faya-fayan ajiya duk suke haɗuwa a kansa. Na saba ya fi na kwamfutar tebur girma da nauyin aiki: allon Dell R720 ko R730, alal misali, yana da gurbin furosesa biyu da ramukan ram 24. Babban bambancin kuwa shi ne akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta a jikinsa mai lura da lafiyar na'urar ko da tana kashe, muddin an jona ta da wuta. Dell na kiranta iDRAC, HPE kuma iLO. Lambar shaidar sabar, da lasisin wannan 'yar kwamfuta, da saitin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da na'urar, da jerin wuraren da na'urar za ta nemi manhajar tashi, duk a jikin allon suke zaune. Shi ya sa wanda ya cire allon saba ya cire mata shaidarta ne, kuma dole ya mayar mata da ita a kan sabon.

Injiniya, sabarmu ta ƙi tashi kuma an ce mana madabod ne. Ta yaya za mu tabbatar kafin mu kashe kuɗi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin sau da yawa allon da aka yanke wa hukunci lafiyarsa ƙalau. Abu na farko shi ne a karanta abin da na'urar ta faɗa da kanta. Idan iDRAC ko iLO yana amsawa ta netwok, a shiga a duba kundin rahotonsa, wanda ke rubuta kowace matsala da ranarta da lokacinta. A nan za a ga ko akwatin wuta ne, wato sashen da ke ba na'urar wuta, ya gaza, ko wani ram ne ya daɗe yana kuskure, ko zafi ne ya kashe ta, ko kuwa ƙarfin wutar da ke yawo a kan allon ne ya fita daga ƙa'ida. Ƙaramin allon rubutu ko fitilar da ke gaban akwatin ma tana ba da labari: a Dell launin shuɗi alamar lafiya ce, ruwan lemo kuma alamar matsala.

Idan rahoton bai warware zancen ba, sai a rage wa na'urar kaya har ta koma mafi ƙarancin abin da za ta iya tashi da shi. A cire wayoyin wuta duka biyu, a danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 20 don ragowar wutar da ke cikin allon ta zube, sannan a bar furosesa ɗaya a gurbi na farko, da ram ɗaya a ramin farko, da akwatin wuta ɗaya, a zare duk sauran katuna. Idan ta tashi a haka, to allon yana raye, sai a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Idan ba ta tashi ba, a gwada wani ram ɗin da wani akwatin wutar da aka tabbatar suna aiki, a kuma musanya furosesar da 'yar'uwarta. Kada a manta da ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, domin mutuwarsa tana sa na'ura ta manta saitinta da agogonta har a ɗauka babbar cuta ce. Sai bayan duk wannan ya gaza, ko an ga tabon ƙuna a fili, ko an ji ƙauri daga wani sashe na allon, nake yarda in ce wa mai kaya ya nemi kuɗin sabon allo.

Me ya fi kashe madabod a yankinmu?

Wuta ce a kan gaba. Ƙa'idar wutar ƙasar nan bolt 230 ce, kuma akwatin wutar saba yana jure hawa da sauka daidai gwargwado, amma abin da ba ya jurewa shi ne bugun da ke zuwa lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko lokacin da aka juya layi zuwa janareta tun bai daidaita ba. Sitabilaiza irin ta firiji ba ta isa ta kare saba ba, domin kafin ta motsa bugun ya riga ya wuce. Abin da ya dace shi ne UPS, wato na'urar ajiyar wuta mai batiri, irin wanda wuta ke bi ta cikinsa a kowane lokaci, yana sarrafa ta yana fitar da tsaftatacciya, tare da wayar ƙasa ta gaskiya. Na sha buɗe soket a ofis in tarar ramin wayar ƙasan babu komai a bayansa.

Na biyu tsawa ce a lokacin damina, daga Yuni zuwa Satumba. Mutane suna kare layin wuta su manta da wayar netwok, alhali kuwa ofisoshi da yawa suna karɓar intanet ne ta rediyon da ke kan dogon ƙarfe a bayan gini, kuma wayar tagulla ce ke saukowa daga can kai tsaye zuwa ɗakin saba. Idan aradu ta faɗi kusa, ta wannan waya take shigowa, ta ƙone suwic, ta wuce ta ƙone bakin netwok ɗin allon. Maganinsa shi ne a sa na'urar kariya a kan wayar, ko a haɗa tsakanin rediyon da ɗakin da wayar faiba, wadda gilashi ce ba ta ɗaukar wuta.

Na uku ƙura da zafi ne, kuma su suna kisa ne a hankali. Ƙurar hunturu tana shiga ta gaban akwatin ta kwanta a kan allon, idan damina ta zo sai ta sha laima ta zama kamar laka mai iya haɗa wuta tsakanin ƙananan ƙafafun sassa. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafin Birnin Kebbi yana wuce digiri 40, alhali Dell ya ƙayyade wa waɗannan na'urori digiri 10 zuwa 35 don aiki na yau da kullum, ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE kuma ta ba da shawarar iskar da ke shiga saba ta tsaya tsakanin 18 da 27. Na taɓa buɗe wata saba da aka ajiye a ɗakin ajiyar takardu, na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bayan fankoki, ya toshe hanyar iskar furosesa ta biyu. Duk wanda ya sa sabon allo bai gyara abin da ya kashe tsohon ba, ya shirya sayen na uku.

Ba za a iya kai allon wurin masu gyaran waya su ɗinke shi ba?

Allon saba yana da hawa-hawa na layukan tagulla a cikin jikinsa waɗanda ido ba ya gani, kuma kamfanonin ba sa sakin zanensa. Ƙwararren mai gyara zai iya canza fis ko kafasita da ta kumbura, amma ban yarda a ɗora albashin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya a kan allon da aka gasa da iskar zafi ba. Irin wannan allo ya dace da na'urar gwaji ko ta koyar da ɗalibai.

A ina ake samun allon da ya dace, kuma yaya za a gane shi?

Idan na'urar tana cikin garanti, a kira wanda ya sayar da ita, kada a taɓa komai, domin kamfanin ne zai kawo allo da ma'aikacinsa. Idan garanti ya ƙare, kamar yadda yake ga yawancin namu, sai a nema a kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, ko a yi oda daga waje. Sunan samfurin kaɗai bai isa ba. A duba takardar da ke manne a jikin tsohon allon a kwafi lambar kayan, wadda Dell ke rubutawa bayan harufan DP/N, HPE kuma ke kira lambar kayan canji, yawanci mai ƙarewa da 001. A aika wa mai sayarwa hotonta, shi ma ya aiko da hoton tasa.

Tsara ma tana da muhimmanci, domin R720 da R730 suna kama da juna a ido amma ba sa musayar allo ko furosesa ko ram. R720, wadda ta fito a 2012, tana amfani da gurbin LGA 2011 da ram DDR3. R730 ta 2014 tana amfani da LGA 2011-3 da DDR4, R740 ta 2017 kuma LGA 3647. Akwai wani tarko da ya kamata a sani: furosesa Xeon E5-2600 v4 ba ta tashi a kan allon R730 ko DL380 Gen9 na HPE mai tsohon BIOS, sai an fara sabunta shi, galibi da furosesa v3. Saboda haka a tambayi mai sayarwa wane BIOS ke kan allon, in ya yiwu ya sabunta shi kafin ya aiko.

Sai batun hanya. Allon da zai taso daga Legas zuwa Kebbi a motar haya zai sha jijjiga ta kwana da yini. A dage a kan a saka shi a ledar nan mai ruwan toka da ke kare tartsatsin lantarki, a rufe gurbin furosesa biyun da murfinsu na roba, a kuma sa soso sama da ƙasa a cikin kwali mai ƙarfi. An taɓa aiko mini da allo naɗe a jarida babu murfi, da na ɗaga shi a hasken taga sai na ga allurai shida na gurbin furosesa sun kwanta a kusurwa ɗaya. A nemi mai sayarwa ya ɗauki bidiyon allon yana tashi da hoton gurbin a kusa kafin a biya, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa a rubuce.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi damunmu shi ne bayananmu. Za su ɓace ne?

Bayanai ba a kan madabod suke ba, a kan faya-fayan ajiya suke, kuma canza allo ba ya taɓa su idan an bi ƙa'ida. Yawancin sabobi suna haɗa faya-fayansu ne a tsarin RAID ta hannun wani kati na musamman, PERC a Dell, Smart Array a HPE. Bayanin yadda aka jera faya-fayan a rubuce yake a jikin faya-fayan kansu, don haka idan aka mayar da katin nan da wayoyinsa yadda suke, na'urar takan gane kayanta ba tare da gardama ba.

Haɗarin yana zuwa ne a saƙo ɗaya tak da ke fitowa a allon kallo. Wani lokaci, musamman idan an canza katin RAID ɗin tare da allon, na'urar Dell takan ce ta ga "Foreign Configuration", wato tsarin da ba ta san shi ba, ta ba da zaɓi biyu: "Import" da "Clear". Na farko yana karɓo tsarin da ke kan faya-fayan yadda yake, shi ne ake so. Na biyu yana share bayanin jerin. Wani matashi mai ƙwazo a wani ofis da ba zan ambata ba ya canza allo da kyau, bai lanƙwasa allura ko ɗaya ba, amma da ya ga wannan saƙo sai ya ɗauka datti ne ya rage daga tsohon mai allon, ya share, sannan ya ƙirƙiri sabon jeri ya bar na'urar ta fara wanke shi. Da aka kira ni da la'asar, lissafin shekara huɗu ya tafi, kuma kwafin ajiyarsu na ƙarshe ya kai wata bakwai. Na ga yadda akawun ofishin ya zauna a bakin ƙofa ya riƙe kai, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin minti biyu na tambaya ta waya da sun hana shi. Duk saƙon da ya ƙunshi sharewa ko wankewa ko ƙirƙirar sabon jeri, a ɗauke hannu daga kibod a nemi wanda ya sani.

Kafin a fara aiki a manna wa kowane faifai lambar raminsa. Idan kuma na'urar tana ɗan tashi ko da na rabin sa'a ne, a yi amfani da wannan dama a kwashe kwafin ajiya zuwa wani faifai na waje, a buɗe shi a wata kwamfuta a tabbatar yana karantuwa.

Ban da kwafin ajiya, me ya kamata a tanada tun kafin a kwance noti ko ɗaya?

A rubuta lambar shaidar na'urar, wadda Dell ke kira Service Tag mai harufa da lambobi 7, tana jikin ɗan katin da ake zarowa a gaban akwatin. A HPE a rubuta lambar siriyal da lambar samfur. A ɗauki hoton kowane shafi na saitin BIOS idan ana iya shiga, musamman wurin da ya nuna ko na'urar tana tashi ne a sabon tsarin UEFI ko a tsohon tsarin BIOS. A fitar da fayil ɗin lasisin iDRAC ko a nemo lambar lasisin iLO, a kuma rubuta adireshin IP ɗinsu.

Abin da aka fi mantawa shi ne mabuɗin sirri. Idan an kulle faya-fayan da BitLocker, mabuɗin yana ɗaure da wani ɗan guntu mai suna TPM da ke kan allon, kuma Dell da HPE duka sun bayyana cewa da zarar an ɗaura TPM a kan allo ba a mayar da shi kan wani. Sabon allo zai nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, idan babu ita kuwa babu injiniyan da zai iya buɗe faifan, ko a Legas ko a Amurka. Sababbin nau'o'in VMware ESXi, manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, su ma suna kulle saitinsu da TPM kuma suna da tasu lambar ceton. A nemo waɗannan lambobi, a buga su a takarda, a ajiye a wurin shugaban ofis kafin a taɓa na'urar.

Da gaske ne taɓa allo da hannu kawai yana iya lalata shi?

Gaskiya ne, kuma a wurinmu abin ya fi tsanani da hunturu. Kowa ya san ɗan tartsatsin da ke cizon yatsa idan an taɓa ƙofar mota ko an cire rigar sanyi a watan Janairu, lokacin da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Mutum ba ya jin wannan cizo sai ya kai wajen bolt 3000, amma ƙasa da bolt 100 ya isa ya raunata sassan allo, kuma raunin ba lallai ya bayyana a ranar ba. A ɗaura abin hannun nan mai waya a maƙala shi a ƙarfen akwatin, a guji aiki a kan darduma ko kafet, a naɗe hannun riga ko a cire babbar riga, a riƙe allo da ram ta gefensu.

Yaya aikin kansa yake tafiya?

Bayan an kashe na'urar an zare wayoyin wuta an zubar da ragowar wutar, sai a sauko da ita daga rak a ɗora a kan tebur mai faɗi da haske. Mutum biyu ne za su ɗauke ta, domin saba cike da faya-fayai tana iya kai kilo 25 ko fiye. A buɗe murfin a ɗauki hotuna da yawa ta kowace kusurwa kafin a zare waya ko ɗaya. A cikin murfin akwai zanen allon da kamfanin ya manna, kuma littafin gyaran kowane samfuri yana nan kyauta a shafin kamfanin. A ja akwatunan wuta baya su rabu da allon, a cire rufin robar da ke jagorar iska, da jerin fankoki, da katunan da ke tsaye, da katin RAID, da ƙaramin katin netwok, sannan wayoyin gaba da na faya-fayai. Wayoyin suna da 'yan maƙallai da ake dannawa kafin a ja, kuma wanda ya fizge su da ƙarfi zai karya bakinsu.

A jera ram a kan ledar kariya bisa lambar raminsa, A1 da A2 har zuwa ƙarshe, na B ma haka, domin kowane zai koma inda ya fito. Ba a cakuɗa nau'in RDIMM da LRDIMM a na'ura ɗaya.

Wurin da ake bukatar natsuwa ta gaske shi ne furosesa. A bar ƙarfen shan zafin ya huce, a sassauta notunansa kaɗan-kaɗan ta kusurwa da kusurwa. Gurbin R730 yana ɗauke da allurai 2011, na R740 kuma 3647, kowace ta fi gashin kai kauri kaɗan, kuma ɗaya idan ta lanƙwashe tana iya kashe layin ram gaba ɗaya. A ɗaga furosesar a miƙe sama, kada a ja ta gefe, kada kuma a riƙe sukurudireba a saman buɗaɗɗen gurbi. A R740 furosesar tana maƙale ne a jikin ƙarfen shan zafin ana ɗaga su tare, kuma sai da sukurudireba mai bakin tauraro, Torx T30. A goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da sifirit da ƙyalle marar gashi, a sa sabo daidai gwargwado. Man goge haƙori ko giris ba sa maye gurbinsa, kuma na faɗi haka ne domin na gani.

Sai a saki allon, a tura shi gaba kaɗan don bakunansa na baya su fita daga ramukan akwatin, a ɗaga shi ta wurin riƙon da aka tanada. A hure ƙurar akwatin, a duba kada wani noti ya ɓuya a ƙasa, a kwantar da sabon allon. Wajen sa furosesa a daidaita ɗan alwatikan da ke kusurwarta da na gurbin, a ajiye ta a hankali ba tare da dannawa ba. Sauran kaya su koma bisa hotunan da aka ɗauka, kuma rufin iskar nan dole ya koma wurinsa, domin babu shi ram da furosesa ta biyu za su yi zafi cikin 'yan mintuna.

Mun haɗa komai mun kunna, fankoki suna ƙara kamar jirgi amma allon kallo baƙi ne. Mun ɓata wani abu ne?

Ba lallai ba ne. Tashin farko bayan canza allo yana ɗaukar lokaci, domin iDRAC ko iLO zai fara farkawa, sannan na'urar ta gwada ram ɗinta ta ƙidaya duk kayan da ke jikinta, kuma tana iya kashe kanta ta sake tashi. A ba ta minti goma zuwa sha biyar. Idan har yanzu shiru, mafi yawan lokuta ram ne bai zauna sosai ba, ko wayar maɓallin gaba ba ta shiga ba, ko batun tsohon BIOS ɗin nan da na ambata. Idan ta tashi amma ta nuna ram ɗin bai cika ba, a sake zaunar da wanda ya ɓace, idan bai dawo ba a buɗe gurbin furosesar a haska alluran.

Yaya ake mayar mata da lambar shaidarta da lasisinta?

Daga R730 zuwa sama Dell ya sa wani tsari mai suna Easy Restore, wanda ke ajiye lambar shaida da lasisi da saiti a wani ɗan ma'aji da ba a kan allon yake ba. Idan na'urar ta ga sabon allo marar lamba takan tambaya ko a mayar, sai a danna Y. Idan wannan bai samu ba, ana shiga saiti da F2 a rubuta lambar da hannu, kuma a nan a karanta ta sau uku kafin a tabbatar, domin littafin Dell ya ce da zarar an shigar ba a sake canza ta. A HPE ana danna F9 a shigar da lambar siriyal da ta samfur, sannan a mayar da lasisin iLO.

Allon da aka saya na hannu yakan zo da lambar tsohon mai shi da adireshinsa da kalmar sirrinsa. A mayar da iDRAC ko iLO kan saitin masana'anta, a sa sabuwar kalmar sirri nan take, domin tsohuwar ta Dell, root da calvin, duniya duka ta san ta. A daidaita agogo da kwanan wata, sannan a sabunta BIOS da manhajar iDRAC ko iLO, amma sai na'urar tana kan UPS mai cikakken caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta BIOS tana iya kashe sabon allon a ranarsa ta farko.

Ta tashi amma ta ce ba ta ga manhajar tashi ba, ko kuma sauran kwamfutoci ba sa ganin ta. Me ya faru?

Na farkon yawanci saɓanin tsari ne: an girka Windows Server ko Linux a tsarin UEFI amma sabon allon yana kan tsohon tsarin BIOS, ko akasin haka. A mayar da shi yadda hoton da aka ɗauka ya nuna. Jerin wuraren tashi na UEFI ma a kan allon yake, don haka wani lokaci sai an sake nuna wa na'urar fayil ɗin tashi da hannu. Kada a yarda da shawarar sake girka manhaja a wannan mataki.

Na biyun kuwa batun adireshin MAC ne, lambar da kowane bakin netwok ke ɗauke da ita daga masana'anta. Idan bakunan a kan ƙaramin kati suke, kamar a R720 da R730, kuma an mayar da katin, adireshin bai canza ba. Idan a jikin allon suke, sun canza, sai a sake sa adireshin IP a kan sabon bakin, a gyara rauta da duk wata manhajar da lasisinta ke ɗaure da tsohon adireshin. Wasu manhajojin lissafi da na asibiti suna yin haka, kuma gara a sanar da mai sayar da su tun kafin ranar aiki. Windows Server ma yana iya neman a sake tabbatar da lasisinsa, don haka lambarsa ta kasance a hannu.

Aikin zai ɗauki tsawon wane lokaci, kuma yaushe ya fi dacewa a yi shi?

Aikin hannu bai wuce sa'a ɗaya zuwa biyu ba ga wanda ya saba yin sa, amma nakan nemi a ba ni yini guda saboda saiti da gwaji. Na fi son farawa da safiyar Asabar, a tanadi man janareta, a bar na'urar tana aiki har Lahadi ana duba zafinta da rahotonta, domin ma'aikata su tarar da ita a tsaye ranar Litinin. Cibiyar jarrabawa kuwa kada ta bari sai ana saura kwana biyu.

Shin ba gara mu sayi wata sabar gaba ɗaya ba?

Ya danganta da shekarunta. Idan R740 ce ko DL380 Gen10, canza allo yana da ma'ana sosai. Idan R720 ce ko wadda ta girme ta, ta haura shekara goma, akwatunan wutarta da fankokinta duk sun tsufa tare da allon, kuma tana shan wuta fiye da sababbi, abin da ke da nauyi ga ofishin da ke dogaro da dizal ko sola. Wataƙila ma Windows Server 2012 R2 ke kanta, wanda Microsoft ya daina tallafa wa tun 10 ga Oktoba, 2023. A irin wannan hali nakan ba da shawarar a tambayi farashin cikakkiyar na'ura ta hannu irin samfurin, domin sau da yawa tazararsa da na allo kaɗai ba ta da yawa, ga shi za a samu kayan canji a ajiye. Da ita sai a kwashe bayanan a natse, a fara shirin komawa sabuwar tsara.

Idan dole mu aika na'urar Kano ko Legas, mu aika da faya-fayan? Kuma me za mu yi da tsohon allon?

Kada a aika da faya-fayan. Mai gyara ba ya bukatar su don gwada allo, jijjigar hanya tana iya lalata su, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ofishin da ya tara bayanan mutane alhakin kare su. A zare su, a manna musu lambobinsu, a kulle su a durowar shugaban ofis.

Tsohon allon kuma a riƙe shi aƙalla wata guda har a tabbatar sabon ya zauna lafiya, domin takardun da ke jikinsa suna ɗauke da lambobin da za a iya bukata. A ɗauki murfin robar da suka zo da sabon allon a rufe masa gurbin furosesarsa, a saka shi a ledar da sabon ya zo a ciki, a rubuta ranar da aka cire shi da abin da ya same shi a jikin kwalin. Idan ta hanyar garanti aka samu sabon, kamfanin zai nemi a mayar masa da tsohon a cikin wannan kwali. Idan ba haka ba, bayan wa'adin a cire batirinsa, a miƙa shi ga masu sayen tsofaffin kayan lantarki ko sashen koyar da kwamfuta na wata makaranta, inda ɗalibai za su koyi sa furosesa da cire ta a kan allon da babu sauran abin da za a ɓata a jikinsa.